Baba ya ƙi shabaka amma ya rungumi WhatsApp: jahilci ne?

Wata 'yar'uwa daga Makka ta aiko da tambaya. Mahaifinta tela ne a wajajen Shari'u Mansur, ya haura sittin, igamarsa, wato takardar izinin zamansa, lafiya lau. Ta ce bai yarda an sa na'urar shabaka, wato ta biyan kuɗi da kati, a shago ba sai da doka ta matsa, kuma har yau in ya samu fuska cewa yake a ba shi kuɗi a hannu. Absher da Nusuk, manhajojin hukuma na harkar takardu da na Hajji da Umra, ko kallo ba su ishe shi ba, yaron maƙwabta ke latsa masa. Amma dattijon nan dai, daga asuba har dare yana kan WhatsApp yana aika murya Kano da Damagaram. 'Ya'yanta kuma ba sa rubuta layi ɗaya na aikin makaranta sai sun tambayi ChatGPT. Tana son ta sani: abin nan na Baba jahilci ne, addini ne, ko tsufa? Kuma yaya za ta yi da shi?

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Na daɗe ina koya wa ma'aikatan hidimar alhazai da ƙananan 'yan kasuwa aiki da manhajojin nan, kuma fannin da na karanta ke nan, wato yadda sabon abu ke shiga cikin jama'a. A cikin abubuwa ukun da kika lissafa babu wanda na yarda da shi. Mutumin da ya iya danna alamar makirfo ya riƙe, ya yi magana, ya saki, ya tura wa mutum goma, ba tsoron waya yake ba. Lissafi yake yi. Kowane sabon abu aka kawo masa sai ya auna me zai ba shi, me kuma zai ƙwace masa. WhatsApp bai ƙwace masa komai ba. Shabaka da Absher kuwa suna taɓa kuɗinsa, sirrinsa da girmansa.

Bari mu fara da WhatsApp ɗin, don shi ne mai sauƙi. Tsaran Baba sun san zamanin kaset. Mutum zai zauna da rikoda bayan isha'i ya yi ta bayani, ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi yadda za a raba kuɗin da ya aiko, a naɗe kaset ɗin a ba wani alhaji mai komawa gida. Amsa sai wata Umra ko wani Hajjin. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, abin da suka saba ne ya dawo musu, sai dai yanzu ba jiran wata shida. Ba ya buƙatar karatun boko ko na Larabci, in ka yi kuskure ka goge ka sake, kuma ba wanda zai ci ka tara. Haka rediyo ya shiga ƙasar Hausa ba gardama. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957 dattawa suka rataya akwatinsu a kafaɗa, alhali a gidajen nan ne aka daɗe ana ɓoye yara kada a kai su makarantar boko. Mutanen ɗaya ne. Abin da aka kawo musu ne ya bambanta.

Shabaka kuwa labarinta daban. Tun Agustan 2020 aka wajabta wa duk shagunan ƙasar nan ta Saudiyya su tanadi hanyar biya da kati, kuma babban bankin Saudiyya ya ce a 2024 kashi 79 cikin 100 na biyan kuɗin ciniki ta na'ura aka yi shi. Ke da kike saye, kin huta da neman canji. To amma tsaya a bayan keken ɗinki ki duba. In shagon da sunan kafili yake, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, kamar yadda yake ga mafi yawan mutanenmu, duk riyal ɗin da aka goga a na'urar nan asusun ma'aikatar kafili yake faɗawa, ba aljihun Baba ba. Jallabiyar da ya kwana yana yi wa aiki, da can kuɗinta a tafin hannunsa suke sauka, ya san abin da ya shigo, ya san abin da zai fitar. Yanzu sai ya jira, sai ya tambaya, wani lokacin sai ya yi rarrashi kafin ya ga guminsa. Kuma kafilin da da bai san cinikin shagon ba, yanzu yana ganinsa a wayarsa riyal bayan riyal. Ga dokar hana tasattur da aka sabunta a 2020, wadda hukuncinta ke kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5 ga baƙon da ke juya kasuwancin kansa a ƙarƙashin sunan ɗan ƙasa, da shi ɗan ƙasar da ya ba da sunan. Duk telan unguwar sun san wannan ko ba su faɗa ba. Saboda haka in Baba ya ce a ba shi a hannu, kada ki ɗauka na'urar ce ta gagare shi. Ki zauna da shi ki tambaye shi yadda yarjejeniyarsa da kafili take, in akwai abin gyarawa a gyara ta hanyar doka. Wannan ne ciwon, kuma koya masa latse-latse ba zai warkar da shi ba.

Ba yau aka fara irin wannan a ƙasar nan ba. A 1908 titin jirgin ƙasa da Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya sa aka shimfiɗa daga Dimashƙa ya iso Madina, tafiyar da ayari ke yi a kusan kwana 40 ta koma ƙasa da mako. Bai taɓa ƙarasawa Makka ba. Ƙabilun da ke cin abinci da hayar raƙuma da tsaron ayari sun ga abin da ke tafe, suka yi ta kai wa aikin hari, Sharif Husaini, mai mulkin Makka, shi ma bai so sojojin Istanbul su riƙa iso masa cikin 'yan kwanaki ba. Babu ɗayansu da bai fahimci jirgin ƙasa ba. Fahimtarsa da suka yi sarai ce ta sa suka ƙi shi.

Sai batun addini da kika kawo. Gaskiya ne a ƙasar nan sau da yawa da harshen addini ake yin gardamar, amma in kika ɗaga mayafin sai ki tarar da wani abu a ƙasa. Lokacin da 'yan Ikhwan, mayaƙan ƙabilu da suka taya Sarki Abdul'aziz kafa Saudiyya, su Faisal Duwaish da Sultan bin Bijad, suka juya masa baya, cikin ƙorafinsu akwai mota da tarho da wayar iska, wato talgiraf, wai aikin sihiri ne ko na kafirai. A cikin ƙorafin nan dai akwai haraji, akwai hana su kai hari Iraƙi da Kuwait. Wayar iska na nufin sarki zai ji motsinsu tun ba su ɗaura wa raƙumi sirdi ba, mota na nufin zai cim musu. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne amsar malaman Najd a 1927: suka ce talgiraf sabon abu ne, ba su san haƙiƙaninsa ba, ba su ga maganar magabata a kansa ba, don haka sun kame, ba za su halatta ko su haramta ba da rashin sani. Malaman sun fi mayaƙan natsuwa nesa ba kusa ba. Rikicin bai mutu ba sai da aka gwabza a Sabala a 1929. Akwai kuma labarin da ya shahara, cewa sarki ya sa an karanta Alƙur'ani ta waya aka saurara a ɗaya gefen, a kan hujjar cewa shaiɗan ba zai ɗauki maganar Allah ba. Dabarar da ke ciki ita ce an sa sabon abin ya yi wa mutane hidimar da suke girmamawa, a gaban idon wanda suka yarda da shi.

Talabijin ya fi zafi. An buɗe shi a Riyad da Jidda a 1965, a shekarar aka yi zanga-zanga a gidan talabijin na Riyad, Yarima Khalid bin Musa'id ya rasa ransa a rikicin, kuma ɗan'uwansa ne ya harbe Sarki Faisal a 25 ga Maris 1975. A 1994 aka haramta satalayit, amma duk wanda ya leƙa rufin gidajen Jidda a shekarun nan ya san dokar a takarda ta tsaya. Intanet sai 1999 aka buɗe wa jama'a, da matattara a bakinta. Wayar da ke da kamara an hana sayar da ita, ana ta shigo da ita a ɓoye, har aka ɗage hanin a ƙarshen 2004.

Wannan na ƙarshen ina son ki tsaya a kansa, don kin san shi da idonki. Masu adawa da kamara cewa suka yi za a riƙa ɗaukar hoton mata a biki ana yaɗawa. Sun yi ƙarya? Ba su yi ba, abin ya faru, gidaje sun mutu a kansa. Wayar ta zauna daram, amma je ki ɗakin biki ɓangaren mata yau: ga mata a bakin ƙofa suna duba jaka, ko a karɓi wayarki a ba ki lamba, ko a rufe kamarar. Ƙorafin masu adawa bai kori na'urar ba, amma shi ya haifi ƙa'idar da ake zaune da ita lafiya. Shi ya sa nake jin haushin masu kiran duk wanda ya ja da baya ɗan ƙauye. Sau da yawa shi ne kaɗai ya ga ramin da sauran ke gudu za su faɗa.

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma ƙa'idar da malamai ke karantarwa a fili take: abubuwan rayuwa asalinsu halas ne sai dalili ya hana, bidi'a kuwa a ibada ake maganarta. Baba yana jin liman ta lasifika a Harami, yana hawa matakala mai tafiya da kanta zuwa saman masallaci, wataƙila ya saurari fassarar huɗubar Arfa da Hausa a waya. In da addini ne ya hana shi da tuni ya ƙi waɗannan.

Abin da ke cikin Absher kuma ya haɗa tsoro da kunya, kuma duka biyun suna da tushe. Mu a unguwanninmu mun san abin da basma, wato ɗaukar hoton yatsa, ta yi. Kafin ita, takari, wato ɗan Afirka ta Yamma mazaunin nan, in an kai shi tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, an mayar da shi gida, ya kan sake fasfo da wani suna ya dawo. Da yatsa ya shiga kwamfuta wannan ƙofa ta rufe. A 2016 hatta layin waya sai da basma. A 2020 manhajar Tawakkalna ta zo a lokacin korona, aka kai lokacin da ba ka shiga kasuwa ko masallaci sai ka nuna koren allo. Tun Hajjin 2024 katin Nusuk ne shaidar alhaji a Mina da Arfa, kuma tarar yin Hajji ba tasrihi, wato ba izini, ta kai riyal 20,000 a 2025. Hukuma na da hujjarta mai ƙarfi: a Hajjin 2024 mutum 1,301 suka rasu cikin tsananin zafi, kuma ministan lafiya ya ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da tasrihi, ba tanti, ba motar sanyi. Ban ga mai hankalin da zai ce a bar abin sakaka ba. Amma dattijon da ya ga maƙwabcinsa na shekara talatin an tafi da shi, ko ya ga yaron da aka haifa a unguwar Misfala ta Makka ba takarda ya kasa sayen layin waya, ba abin mamaki ba ne in ya ɗauki duk manhajar hukuma a matsayin ido. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ko da shi takardunsa cikakku ne.

Kunyar kuwa ba a cika faɗarta ba, kuma a ganina ta fi tsoron ƙarfi. Na sha ganin wannan a ajinmu. Dattijo mai furfura, wanda ya aurar da 'ya'ya, ya yi Hajji ba adadi, zai riƙe waya nesa da fuskarsa yana ƙanƙance ido. An turo lamba, kafin ya fita daga manhajar ya nemo saƙon ya karanta lambobin ya dawo, lokaci ya ƙare. Ya sake, yatsansa da ya yi kanta saboda allura ya danna biyu a wuri ɗaya. A karo na uku sai wani yaro daga baya ya ce, "Baba kawo in yi maka." Zai miƙa, ya yi murmushi, ya ce ai wannan zamaninku ne. Ba zai sake gwadawa a gaban mutane ba har abada. In ya koma gida cewa zai yi abin banza ne, tarko ne, don faɗin haka ya fi sauƙi a kan ya ce ya kasa. Rubutun ƙanana ne, da Larabcin ofis ko Turanci, kuma waɗanda suka tsara shi samari ne masu kaifin ido. Laifin tsarin ne ake ɗora wa mai furfura.

Masana sun daɗe da auna waɗannan abubuwa. A wani nazari da aka wallafa a 1943, wasu masu bincike biyu, Ryan da Gross, sun bi manoman jihar Iowa a Amurka don su ga yadda sabon irin masara ya shiga hannunsu. Irin ya fi ba da amfani, kowa ya ji labarinsa da wuri daga bakin dillalai, amma yawancinsu sai da suka ɗauki shekaru kafin su shuka. Abin da ya juya su shi ne maƙwabci, kuma ko da suka yarda, a ɗan gefen gona suka fara gwadawa. Gani ya kori ji. A kan irin wannan bincike Everett Rogers ya gina rabonsa na 1962: kashi 2.5 cikin 100 masu rawar kai da ke fara taɓa komai, 13.5 da ake kallo ana koyi da su, sai 34 da 34 na tsakiya, sai 16 na ƙarshe. Ana yawan karanta wannan rabo kamar jarabawa ce, na ƙarshe su ne suka faɗi. Ni ba haka nake karanta shi ba. Na ƙarshen galibi su ne waɗanda in abin ya ɓaci ba su da abin faɗawa a kai. Mai albashi da takardar ɗan ƙasa in ya danna ba daidai ba, ya buga waya a gyara. Baƙo mai igama in ya danna ba daidai ba, yana iya kwana da tara ko da matsalar da za ta ci masa wata guda. Masana halayyar ɗan'adam Kahneman da Tversky kuma sun nuna cewa zafin asara a zuciyar ɗan'adam ya kai kusan ninki biyu na daɗin riba mai girma ɗaya. To in kika ce wa Baba "zai sauƙaƙa maka," shi kuma yana hango abin da zai iya rasawa, kin ga ma'auninku ba ɗaya ba ne.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba ƙin da Baba ya yi ba ne. Yaron maƙwabtan nan ne. In aka tilasta wa mutane abin da ba su karɓa da zuciya ba, ba sa koyo, ɗan tsakiya suke nema. Wanda ke riƙe da lambar sirrin Absher ɗin Baba, kuma saƙon tabbatarwa ke zuwa wayarsa, yana riƙe da Baba ne gaba ɗaya. Ban ce yaron mugu ba ne, amma waya na ɓata, yaro na tafiya, abokai na ara. Da bayanan mutum ana iya buɗe abin da bai sani ba da sunansa, kuma ranar tambaya shi za a kira. Ki fara da wannan tun kafin komai: lambar wayar da ke kan Absher da banki ta zama ta Baba ce, mai rajista da igamarsa, a cikin wayar da ke aljihunsa. A canza lambar sirri, ta tsaya tsakaninki da shi. Sannan ki dasa masa doka ɗaya, ki maimaita har ta zauna: duk wanda ya bugo ya ce daga banki ne ko daga hukuma, ya nemi a karanta masa lambar da aka turo, ko ya ce a buɗe Nafath, manhajar hukuma ta tabbatar da shaidar mutum, a danna lamba kaza, ɓarawo ne, a kashe waya. Wannan darasi zai shige shi da wuri, domin ya dace da zargin da dama yake da shi.

Sauran koyarwar kuma kada ki yi ta a gaban jikoki, kuma kada ki karɓe wayar daga hannunsa ko da zai yi minti goma. Ki ƙara girman rubutun allon. Ki zaɓi abu guda da shi yake so, ba wanda ke kike so ba. In yana marmarin Rauda, to ku nemi izinin shiga ta Nusuk tare, shi ke dannawa, ku hau jirgin Haramain da ya fara aiki a 2018 ku je Madina, ya nuna da hannunsa a bar shi ya wuce. In kuma akwai wani tsaransa a majalisarsu da ya iya, ki bi ta wajensa. Abin da aboki zai nuna masa a kan tabarma da shayi ya fi abin da 'yarsa za ta yi masa lacca a kai. In bayan duk wannan ya ce shi dai kuɗin hannu ya fi kwanta masa wajen cefane, ki ƙyale shi. Ba kowane sabon abu ne dole ba.

Yaran naki ne ma nake ganin sun fi buƙatar ido. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, kuma sun karɓe shi a kan dalilin da Baba ya karɓi WhatsApp: sauƙi, ba kunya, ba tara. Bambancin shi ne abin da yake ƙwacewa ba ya nunawa yau, sai ranar da aka ajiye yaro da biro da takarda. Hani ba zai yi aiki ba, tarihin satalayit ya ishe mu, kuma makarantun ƙasar nan da kansu sun fara koyar da ƙirƙirarriyar basira. Abin da nake ba iyaye shawara shi ne su sa yaro ya fara rubuta nasa, sannan ya tambayi na'urar, sannan ya nuna inda suka saɓa. Ki kuma sa su gwada ta a abin da suka sani sarai: su tambaye ta unguwannin Makka, ko ma'anar wani karin magana, ko ta kawo hadisi da inda yake, sannan su buɗe littafi su duba. Za su kama ta tana ƙaga amsa cikin natsuwa kamar gaskiya, musamman da Hausa. In za ki iya, ki sa a yi gwajin a gaban kakansu, shi ya riƙa yi mata tambayoyin.